Symbian, BlackBerry Ko Windows Phone: Wacce Ta Fi, Kuma Me Ya Kashe Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun yi gardama da wani abokina a kan manyan manhajojin da suke tafiyar da wayoyi kafin Android da iOS su mamaye kasuwa. Shi ya dage Symbian ta fi kowa, ni na ce BlackBerry, wani kuma ya sako Windows Phone. Wacce ta fi a gaskiya? In kuma har suna da kyau haka, me ya sa suka mutu? Sannan idan na samu irin wayar yanzu, za ta yi mini amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gardamarku ba za ta ƙare ba sai kun fara yarda a kan mudun da za ku yi awo da shi, domin kowannenku yana auna abu daban ne. Idan tattalin batir da iya matse aiki mai yawa daga waya mai ƙaramin ƙarfi ake magana, abokinka ya kada ka. Idan saƙo ne da saurin rubutu, kai ka kada shi. Wanda ya sako Windows Phone shi ma bai yi shirme ba, sai dai dalilinsa daban ne. Akwai kuma biyu da ba ku ambata ba, webOS da MeeGo, waɗanda a ganina sun fi dukkan ukun hangen nesa. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, kusan kowacce a cikinsu, abin da ya ɗaga ta shi ne daga baya ya riƙe mata ƙafa.

Bari mu fara da ta abokinka.

Symbian ba a waya aka haife ta ba. Asalinta wata manhaja ce mai suna EPOC ta kamfanin Psion na Birtaniya, wadda aka ƙera don ƙananan kwamfutocin aljihu irin Psion Series 5 ta 1997, na'urar da batir biyu irin na tocila ke riƙe ta. A 1998 Psion da Nokia da Ericsson da Motorola suka haɗu suka kafa kamfanin Symbian. Wannan asali shi ne ya ba ta halinta duka. An gina ta da tunanin cewa memori ƙwaya-ƙwaya ne, batir ba ya wadata, kuma na'urar za ta yi watanni a kunne ba a kashe ta ba. Saboda haka duk wani ɗan gurbi da manhaja ta ara a memori dole ta mayar, kuma furosesa takan koma barci da zarar babu aiki.

Amfanin wannan ya fito fili. Nokia N95 ta 2007, da ram ɗin megabayit 64 kacal a fitowar farko, tana da kamara mai megafiksel 5, da GPS, da 3G, tana ɗaukar bidiyo, kana iya saka mata manhajoji daga waje, kuma suna aiki tare a lokaci guda: ka danne maɓallin menu ka ga duk abin da ke buɗe. iPhone ta farko da ta fito a shekarar nan ba ta da 3G, ba ta da GPS, ba ta ɗaukar bidiyo, ba ta da rumbun manhajoji sai a Yulin 2008, kwafa da liƙawa ma sai a 2009, barin manhajojin waje su yi aiki a bayan fage kuwa sai 2010. A takarda, babu haɗi. Ga E71 ta 2008, siririya da jikin ƙarfe, wadda mutum zai yi kwanaki yana kira da saƙo bai nemi caja ba. Kuma da yake Nokia ya daɗe a harkar sadarwa, kama sabis da tsabtar murya ba abin da ake yi musu gardama a kai ba ne.

To ina matsalar? Tana wajen masu rubuta manhaja. Duk wannan tattali, a wuyansu aka ɗora shi. Yaren C++ da ake rubuta wa Symbian da shi ba irin wanda kowa ya koya ba ne, nata ne na musamman. Kafin ka iya sarrafa jimlar rubutu ɗaya sai ka koyi nau'o'in ma'ajiyar haruffa barkatai, kuma duk abin da ka ara a memori sai ka rubuta shi a wani jeri na musamman don a share shi idan aiki ya lalace a tsakiya. Aikin da ƙwararre zai gama cikin mako a wani tsarin, a nan yana iya cin ninkinsa. Ga rarrabuwa: Nokia na da fuskarsa S60, Sony Ericsson da Motorola na amfani da UIQ, a Jafan kuma akwai MOAP. Sunan ɗaya, amma manhajar wannan ba ta hawa kan wancan. Ko a cikin S60 ɗin, da aka zo fitowa ta uku, manhajojin fitowa ta biyu suka daina aiki gaba ɗaya. A lokacin ne aka kawo dokar sa hannun tantancewa, a zamanin da ƙwayoyin cuta irin su Cabir, wadda ta ɓulla a 2004 tana yaɗuwa ta Bluetooth, suka tsorata masana'antar. Tsaro ya ƙaru, ba shakka. Amma duk wanda ya riƙe waɗannan wayoyi ya san dabarar mayar da kwanan watan waya baya don manhajar da takardar shaidarta ta ƙare ta yarda ta hau.

Sai zamanin shafa allo ya zo. An gina S60 ne don maɓallai: sama, ƙasa, zaɓi, koma baya. Da aka ɗora ta a kan allon taɓawa a 5800 XpressMusic ta 2008 da N97 ta 2009, sai ta zama kamar an sa wa tsoho rigar yaro. Allon irin na dannawa da ƙarfi ne, wani wuri taɓawa ɗaya ke buɗe abu, wani wuri sai biyu. Nokia ya saye sauran hannun jarin Symbian a 2008, ya sayi kamfanin Trolltech mai Qt, wato kayan aikin rubuta manhaja, don sauƙaƙa wa masu rubutawa, ya fito da N8 a ƙarshen 2010, sannan sabuntawar Belle a 2011. Belle ta yi kyau ƙwarai, kuma da a ce ita ce a kan N97 shekara biyu kafin nan da labarin ya bambanta. Amma a ƙarshen 2010 Android ta riga ta wuce Symbian a yawan wayoyin da ake sayarwa. A Fabrairun 2011 shugaban Nokia, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikata wasiƙar da ya kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandalin haƙar mai da ya kama da wuta, kwanaki kaɗan bayan nan ya sanar da komawa Windows Phone. Ka duba: an sanar da mutuwar hajar da ake ci da ita a watan Fabrairu, wadda za ta maye gurbinta, Lumia 800, ba ta shiga kasuwa ba sai Nuwamba. Wa zai sayi wayar da mai ita ya riga ya yi mata sallar gawa? Wayar Symbian ta ƙarshe ita ce 808 PureView ta 2012 mai kamarar megafiksel 41, wadda har yau hotunanta ba sa ba da kunya da rana.

Yanzu taka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar BlackBerry a matsayin waya kawai. Waya ce da hanyar sadarwarta. Kamfanin Research In Motion na garin Waterloo a Kanada ya gina cibiyoyinsa na kansa, kuma imel ɗinka da saƙon BBM (BlackBerry Messenger, manhajar hirarsa) da yawancin abin da kake buɗewa a intanet ta can suke bi. A can ake matse su su ƙanƙance, sannan a turo maka. Shi ya sa imel ke shigowa nan take ba tare da wayar ta riƙa leƙawa kowane minti ba, shi ya sa data ke auki, batir ke daɗewa, kuma saƙo ke wucewa ko a sabis mai rauni inda wasu wayoyin suka sare. Ƙara da maɓallan rubutu na wayoyin Bold waɗanda yatsa ke gane kowane harafi ba sai ido ya duba ba, da ɗan jan fitilar nan mai ƙiftawa. BBM da ta fito a 2005 tana nuna maka an isar da saƙo, tana nuna an karanta, kusan shekara tara kafin WhatsApp ya kawo shuɗin alamarsa a 2014. Ba ta buƙatar lambar wayarka, lambar PIN mai haruffa takwas ta isa.

Ina so in gyara wata magana a nan, domin ana yawan cewa duk abin da ke BlackBerry a kulle yake ba mai iya karantawa. Rabin gaskiya ce. Ma'aikatun da suka kafa sabar BES tasu, wato kwamfutar BlackBerry ta musamman da saƙonnin ma'aikata ke bi ta cikinta, su ne ke riƙe da makullin sirrinsu, kuma wannan tsaro ne na gaske, shi ya sa gwamnatoci da bankuna suka rungume ta, shi ya sa kuma a 2010 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Indiya suka yi barazanar toshe ta. Amma BBM ta mutum gama-gari makulli ɗaya ne aka raba wa dukkan wayoyin duniya. Ta fi saƙon tes sirri, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Raunin tsohuwar manhajar BlackBerry, wato har zuwa fitowa ta 7, shi ne an gina ta don haruffa, ba don hoto da bidiyo da cikakken shafin intanet ba. Manhajojinta a kan Java suke, gurbin da aka ware musu ƙarami ne, ba kuma za ka iya kai su katin memori ba. Ka cire wata manhaja ko ka sabunta ta, sai wayar ta nemi a sake kunna ta, kunnawar kuma ta ɗauki mintuna. Cire batir a mayar ya zama maganin kusan kowace cuta. Burauzarta ba ta zama abin kirki ba sai a fitowa ta 6 a 2010. Storm ta 2008, wadda allonta gaba ɗaya ke dannuwa kamar maɓalli, an yi ta da gaggawa don tarar iPhone, kuma gaggawar ta nuna.

Babban abin dai shi ne cibiyar nan. Duk wanda ya tara ƙwansa a kwando ɗaya ya san abin da ke jiransa. A Oktoban 2011 wata na'ura ta lalace a cibiyarsu da ke Slough a Ingila, sabis ya ɗauke na kwanaki a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, har matsalar ta tsallaka zuwa nahiyar Amurka. Wayoyi lafiyarsu ƙalau, sabis ɗin kamfanonin layi lafiya, amma babu imel babu BBM. Sannan akwai batun kuɗi. Kamfanin yana karɓar wani kaso a kan kowane mai amfani duk wata ta hannun kamfanonin layi, kuma BBM ce igiyar da ke ɗaure mutane. Saboda haka ya ƙi sakin ta ga sauran wayoyi. Da ya sake ta ga Android da iPhone a Oktoban 2013, WhatsApp ya riga ya haura mutum miliyan 300. Ihu bayan hari.

BlackBerry 10 kuwa wata halitta ce daban, suna kawai ta gada. An gina ta a kan QNX, wadda kamfanin ya saya a 2010, manhajar da ake sakawa a motoci da injinan da ba a yarda su tsaya ba. Zuciyarta ƙarama ce ƙwarai, sauran sassa kowanne a ɗakinsa yake, idan ɗaya ya faɗi shi kaɗai za a tayar. A kanta aka ɗora Hub, wuri guda da imel da tes da BBM da sanarwar shafukan zumunta ke taruwa, kana iya leƙa shi da jan yatsa ɗaya daga cikin kowace manhaja ba ka fita ba. Maɓallan rubutunta na allo, inda kalma ke bayyana a saman harafi ka cilla ta sama da yatsa, har yau ban ga wanda ya fi su daɗi ba. In da inganci kaɗai ke ceton manhaja da ta rayu. Amma ranar 30 ga Janairun 2013 ta fito, shekara shida bayan an nuna iPhone ta farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don cike giɓin manhajoji sai aka sa ta iya tafiyar da na Android, kuma wannan wuƙa ce mai kaifi biyu: mai manhaja ya ga ba shi da dalilin rubuta ta BlackBerry tunda ta Android tana hawa, gashi kuma ba ta aiki daidai tunda babu hidimomin Google a ciki, kuma sashen ya tsaya a Android 4.3. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya rubuta asarar kusan dala biliyan ɗaya, yawancinta a kan wayoyin Z10 da suka yi kwantai. A 2015 shi ma ya fitar da Priv mai Android.

Batun Microsoft sai an raba shi biyu, domin mutane na haɗa Windows Mobile da Windows Phone alhali kishiyoyi ne. Windows Mobile, wadda ta samo asali daga Pocket PC ta 2000, kwamfuta ce aka matse ta cikin aljihu: menu na Start, jakunkunan fayil, Word da Excel, haɗi da imel ɗin ofis, da 'yancin saka duk abin da ka ga dama. Masu son kwance waya su ɗaure sun more ta. HTC HD2 ta 2009 an yi ta ɗora mata Android da Windows Phone da wasu ma. Amma sai da tsinken taɓa allo, rubutun ƙanana, kuma alamar rufewa ba ta rufe manhaja, ɓoye ta kawai take yi, har memori ya cika waya ta fara jan ƙafa.

Windows Phone 7 ta ƙarshen 2010 ta watsar da wannan duka. Microsoft ya gindaya wa masu ƙera waya mafi ƙarancin kayan da za su saka, ya hana su canza fuskar manhajar, ya kuma ɗaure manhajoji tamau kada su yi yawo a bayan fage. Sakamakon shi ne santsi. Lumia 520 ta 2013, da ram ɗin megabayit 512, tana tafiya sumul a lokacin da wayoyin Android masu irin kayanta ke tuntuɓe. Wannan shi ne ainihin ƙarfinta, kuma ba mamaki 520 ɗin ce ta fi kowace wayar Windows sayuwa. Ga fuskar nan ta murabba'ai masu rai da ke nuna yanayi da saƙo da hoto ba ka buɗe komai ba, wadda ba kwaikwayon kowa ba ce. Ga taswirar Here da ake saukewa a yi tafiya ba intanet. Ga kamarorin Nokia, Lumia 920 mai hana girgizar hoto da 1020 mai megafiksel 41.

Kowa zai ce maka rashin manhajoji ne ya kashe ta, kuma haka ne. Google bai ba ta manhajar YouTube ko ta taswirarsa ba, da Microsoft ya rubuta tasa ta YouTube a 2013 Google ya toshe ta. Instagram ya zo a makare, Snapchat bai zo ba sam. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau uku Microsoft yana juya wa mutanensa baya cikin shekara shida. A 2010 manhajojin Windows Mobile ba su hau kan Windows Phone 7 ba. A 2012 aka canza zuciyar tsarin zuwa irin ta Windows ɗin kwamfuta, aka ce babu wayar 7 da za ta samu 8. Lumia 900 ta shiga kasuwar Amurka a Afrilu, a Yuni aka sanar an bar ta a baya. A 2016 da Windows 10 Mobile ta zo wa tsofaffin wayoyi, aka tsallake masu yawa, har da 520 da 920 da 1020, wato waɗanda suka fi farin jini. Wanda aka sara sau uku, ko tsumma ya gani gudu zai yi, mai saye ne shi ko mai rubuta manhaja.

Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba. Tunanin Windows Phone na asali shi ne ka buɗe sunan mutum ka ga saƙonninsa da hotunansa na Facebook da Twitter wuri guda, ba sai ka shiga manhajar kowanne ba. Ga mai waya wannan daɗi ne. Ga waɗancan kamfanonin kuwa asara ce, domin cikin manhajarsu suke son ka zauna, nan tallarsu take. Ba su da dalilin taimaka wa tsarin da ke ɓoye su. A hankali Microsoft ya warware wannan haɗin, sai ta rasa abin da ya bambanta ta ba tare da ta samu abin da ta rasa ba. Rabonta a kasuwar duniya bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba a ganiyarta, ko da yake a wasu ƙasashen Turai irin Italiya ya haura kashi 10. Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin Nokia a Afrilun 2014, a Yulin 2015 ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kan cinikin, a Oktoban 2017 jami'insa Joe Belfiore ya fito ya ce ba sauran sabbin wayoyi ko sabbin abubuwa, tallafi kuma ya ƙare a Disambar 2019.

Sai biyun da na ce sun fi hangen nesa. Duk lokacin da ka ja yatsa daga ƙasan allo ka ga manhajojinka a jere kamar katuna, ka cilla ɗaya sama don rufe ta, da webOS kake aiki ba ka sani ba. Kamfanin Palm ya nuna wannan a Janairun 2009 tare da wayar Pre. Tana haɗa lambobin mutane daga asusu daban-daban ta mayar da su suna ɗaya, sanarwa na shigowa a ƙasan allo ba ta katse maka aiki ba, tana caji ba waya a kan wani ɗan dutse mai maganaɗisu da suka kira Touchstone. Wanda ya jagoranci zanen fuskar, Matias Duarte, ya koma Google a 2010 ya ci gaba da aiki a kan Android. Rauninta: an rubuta manhajojinta da yarukan shafin intanet, abin da ya fi ƙarfin furosesar wancan zamani, sai buɗe abu ya riƙa ɗaukar lokaci. Jikin Pre ɗin roba ce mara ƙwari, kuma a kamfanin layi ɗaya, Sprint, ta fara fita. Palm ba shi da aljihun wannan yaƙi. HP ya saye shi a 2010 kan dala biliyan 1.2, ya fitar da TouchPad ranar 1 ga Yulin 2011, ranar 18 ga Agusta ya ce ya fasa. Mako bakwai. LG ya karɓi manhajar a 2013, yau tana cikin talabijin ɗinsa.

MeeGo kuma ita ce ke ba ni tausayi. Tun 2005 Nokia yake renon wata manhaja mai tushen Linux, Maemo, wadda ta kai ga N900 ta 2009, kwamfuta sosai mai layin waya. A Fabrairun 2010 aka haɗa ta da manhajar Moblin ta Intel aka samar da MeeGo, haɗin da ya ci lokaci mai tsada. Wayar da ta fito daga wannan zuri'a, N9 ta 2011, ba ta da maɓalli ko ɗaya a gaba: ka shafa daga gefen allo ka bar manhaja, ka taɓa sau biyu ta farka. Shekara shida kenan kafin iPhone X. Masu sharhi sun yaba mata, amma an sanar da ita ne wata huɗu bayan Nokia ya riga ya ɗaura aure da Microsoft, kuma ba a kai ta manyan kasuwanni irin Amurka da Birtaniya da Jamus a hukumance ba. Ba a san ko za ta ci kasuwa ba, domin ba a taɓa ba ta dama ba. Taura biyu ba ta taunuwa, Nokia kuwa uku ya jefa a baki: Symbian da MeeGo da Windows Phone. Wasu tsofaffin ma'aikatansa suka kafa Jolla suka ci gaba da ita da sunan Sailfish.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Bada ta Samsung, wadda ta fara da Wave a 2010, kayan wayar sun fi manhajar kyau, kuma shi kansa Samsung hankalinsa na kan Galaxy. Aka narkar da ita cikin Tizen, wadda ta fi samun gida a talabijin. Firefox OS ta 2013 ta maimaita kuskuren webOS a kan wayoyi mafi rauni ma, Mozilla ya janye a ƙarshen 2015, ko da yake daga tokarta KaiOS ta tashi. Ubuntu Touch ta yi mafarkin wayar da za ka jona wa allo ta zama kwamfuta, Canonical ya ajiye ta a Afrilun 2017, masu sa kai na UBports suka ɗauka.

Idan ka tilasta mini in zaɓa, ta fuskar gini zalla BlackBerry 10 zan ɗauka, ta fuskar tunani webOS. Amma a gardamarku, in dai tsohuwar BlackBerry ta zamanin Curve da Bold kake nufi, to a matsayin babbar manhaja Symbian ta fi ta iya abubuwa nesa ba kusa ba. Abin da kake tunawa da daɗi ba manhajar ba ce, maɓallan ne da BBM da cibiyar da ke bayansu.

Wannan ne ma ya sa amsar tambayarka ta ƙarshe ta fi muni ga BlackBerry. An rufe BBM ta jama'a a ƙarshen Mayun 2019, kuma ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimomin tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya, har da na BlackBerry 10. Abin da ya rage gangar jiki ce. Ka yi hattara musamman da wadda aka goge alhali kullen kariyarta yana kunne, domin za ta nemi tantancewa daga sabar da ba ta nan. WhatsApp ya bar Symbian a tsakiyar 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen shekarar, ya bar Windows Phone a ƙarshen 2019. Rumbunan manhajojinsu an rufe. Burauzocinsu ba su san sabbin hanyoyin tsaron shafuka ba, don haka shafuka da yawa ba za su buɗe ba ma. Ba a toshe ɓarakar tsaro a cikinsu shekara da shekaru, saboda haka kada ka saka musu asusun banki ko babban imel ɗinka. Kafin ka sayi kowacce, ka bincika ko kamfanin layinka yana da 2G ko 3G har yanzu, domin ƙasashe da dama sun fara kashe su, kuma yawancin waɗannan wayoyi ba su iya kira ta 4G ba.

Idan layin yana nan kuma kira da tes kawai kake so, nemi E71 ko E72, su ne ba su dogara da sabar kowa ba, batirinsu kuma ana cirewa a sa sabo. Idan hoto ne, 808 PureView ko Lumia 1020, ka riƙa kwashe hotunan da kebul zuwa kwamfuta. N9 da 1020 batirinsu a rufe yake cikin jiki, kuma bayan shekara goma da ɗoriya da wuya ka samu wanda bai gaji ba, don haka ka duba bayan wayar da gefen allon ko sun ɗago kafin ka jona ta a caji.